Sunan da Na Ƙara da Hannuna

Har ƙasa ta rufe mini ido ba na jin zan manta da ranar da na tsaya a gindin wata ɗorawa da lasifika a hannu na kira sunan Iya Asabe sau uku. Na yi shekara talatin da ɗoriya ina aikin jin daɗin jama'a, na raba barguna, na raba hatsi, na sasanta ma'aurata, amma duk sanda aka tambaye ni me na yi a aiki, wannan ranar ce take fara faɗo mini. Ku da kuke rabon tallafi ta waya yanzu, kuna zaune a ofis kuna danne-danne, kun sha tsokanata wai zamaninmu zamanin jaki ne. Ban musa ba. To ku gyara zama ku ji, amma in gaya muku tun yanzu, ba labarin dariya ba ne, kuma ban fito da kyau a cikinsa ba.

Lokacin ba a daɗe da barin fam an koma naira ba. Kuɗin mai sun fara shigowa, kowa a gari yana ganin talauci ya kusa yin sallama. Ina ɗan shekara ashirin da biyar, ɗan unguwar Yara a nan Keffi, muƙamina mataimakin jami'in jin daɗin jama'a, wato mafi ƙanƙanta cikin masu tebur a ofishinmu. Daga ni sai masinja. Ba a ma tabbatar da ni a aiki ba tukuna, domin a tsarin wancan lokaci sai ka yi shekara biyu ana duba halinka, takardar tuhuma ɗaya tak ta isa a ce ka koma gida. Shugabana shi ne Mista Bulus, dogo mai farin tabarau, mutumin kirki, sai dai ya fi tsoron fayil a kan maciji. Ni kuwa kaina ɗanye shar. Na yi kwas na wata tara na dawo ina yi wa duk wani mai rawani a ƙauye kallon ɓarawo.

A shekarar ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina, ya dawo a makare, amfanin gona ya yi rauni a ƙauyuka da dama. Sai takarda ta zo daga hedikwata cewa a bana ba hatsi za a raba ba kamar yadda aka saba, kuɗi za a ba mutane a hannu su yi abin da suka ga ya fi musu. Naira ashirin kowane gida, gida huɗu a kowane ƙauye. Kada ku yi dariya, naira ashirin a lokacin kuɗi ne. Ga yadda ake yi: mai'unguwa zai kawo sunaye, ma'aikaci ya je ya gani da idonsa, ya cike fom kwafi uku, ma'aji ya shirya bauca, wato takardar biyan kuɗi. Ranar biya kuma dole a yi ta a bainar jama'a, gaban mai'unguwa da ɗan sanda, a kira suna da ƙarfi, mutum ya fito ya dangwala yatsa ya karɓi ambulan. An yi wannan doka ne don kada wani ma'aikaci ya zuba kuɗin a aljihu ya ce ya bayar, kuma na san waɗanda da sun yi hakan.

Ni aka ba ƙauyukan da ke bayan Agwada. Cikinsu akwai Rafin Ƙirya, ɗan ƙauye na manoman doya a bakin ruwa, inda tsofaffi da yawa suka makance saboda ƙudan rafi. Na isa a kan babur ɗin ofis wajen hantsi. Mai'unguwa, wani dattijo siriri mai magana a hankali, ya shimfiɗa mini tabarma ya faɗi sunaye huɗu. Na bi gidajen ɗaya bayan ɗaya. Lalle sun yi asara, amma kowane gida akwai ƙarti biyu ko uku masu jini a jika, kuma na huɗun ɗan ƙanwar mai'unguwa ne. Na ce a raina, yauwa, ga abin da aka koya mana.

Ina dawowa sai na ratsa ta wani gida a ƙarshen gari, ɗaki biyu, ɗaya jinkarsa ta zube. Wani tsoho makaho yana zaune a bakin ƙofa yana tufkar igiya, shi ne Baba Tanko. Matarsa, Iya Asabe, tana ɓarzar dawa a kan dutse, ga jikoki mata biyu ƙanana waɗanda ɗansu ya mutu ya bari. Babu namiji mai ɗaukar garma ko ɗaya. Raina ya ɓaci, na koma wajen mai'unguwa ko takalmi ban cire ba.

Na ce, "Mai'unguwa, gidan can na ƙarshe fa? Makaho da tsohuwa da marayu ba su cancanta ba, sai ɗan ƙanwarka?"

Ya ce, "Malam, wancan gida namu ne. Ka bar mana shi."

"Naku ne da me? Kun gina musu ɗakin da ya zube?"

"Gari ne ke riƙe da su. In ka sa su a takarda, ka ga, mu nan muna da..."

Ban bar shi ya ƙarasa ba. A gabansa, gaban dattawan da ke zaune, na zare biro na soke sunan ɗan ƙanwarsa na rubuta Asabe matar Tanko. Na ga ya buɗe baki, ya dubi biron, ya rufe. Can ya ce, "Kai ne gwamnati." Na hau babur ina jin na yi jihadi.

Abin da yake so ya gaya mini, wanda ban sani ba sai da aikin gama ya gama, shi ne wannan. A ƙasar doya, komai ya rataya ne a kan kunya, wato tulin ƙasar da ake binne iri a ciki. Ana tayar da kunyar doya a ƙarshen damina, lokacin da ƙasa ke da sauran laima, a binne iri a rufe kan da ciyawa, ya kwanta har ruwan fari ya tashe shi. Aikin ƙarti ne, da garma mai nauyi, kuma kwanakinsa ƙidayayyu ne, don da ƙasa ta ɗaure shi ke nan. Shi ya sa suke yin gayya: yau a gonar wane, gobe a ta wane, mai gona ya dafa abinci, shi ma ranar wani ya je ya rama. Amma a Rafin Ƙirya akwai wata gayya daban da suke kira gayyar Allah. Ita ana yi wa gidan da ba shi da kowa ne, ba a cin abincinsu, ba a jiran ramuwa, kuma da ita ake buɗe aikin shekara kafin kowa ya taɓa gonarsa. Sharaɗinta ɗaya ne: gidan ya zama babu wani hannu a kansa sai na gari. Ranar da ɗanka ya samu aikin albashi, ko wani mai hali ya ɗauki nauyinka, an cire ka, a ba wani da ya fi ka buƙata. Ba mugunta ba ce, hannayen ne ba su da yawa. Shekara tara ke nan ana yi wa gidan Baba Tanko gayyar Allah, da doyar nan suke ci, da ita suke sayen gishiri da zane.

Ranar biya muka zo da Landiroba, ni da akawun ma'aji da ɗan sanda. Ana sauke tebur sai na ji an taɓa mini riga ta baya. Iya Asabe ce, ta zagayo bayan mota inda ba a ganinmu, ta durƙusa. Hausarta irin ta wanda ya koya a kasuwa ce, amma ban rasa ko kalma ɗaya ba.

Ta ce, "Ɗana, an ce ka sa sunana. In dole ne, ka ba ni a ɓoye, kada ka kira. In ba ya yiwuwa, ka ba wani."

Na yi dariya, wallahi na yi dariya. Na ɗauka kunya ce irin ta tsofaffi, ko kuma mai'unguwa ne ya tsorata ta. Na ce, "Iya, tashi. Haƙƙinki ne, ba wanda ya isa ya hana ki. Ni ina nan."

Ta ce, "Kana nan yau, ɗana."

Na wuce na ɗauki lasifika. Gari duk ya taru a gindin ɗorawa, maza a tsaye da garemani a kafaɗa don daga nan gona za su wuce. Akwai jawabin da aka rubuto mana mu karanta kafin biya, ni kuma na ƙara masa gishiri. Na ce arziki ya zo ƙasa, na ce waɗanda za a kira daga yau gwamnati ta san da su, ta ɗauki nauyinsu, ita ce uwarsu ita ce ubansu. Ina faɗa ina jin daɗin muryata. Uku na farko suka fito suka karɓa. Na kira Asabe matar Tanko, shiru. Na sake kira. A na uku ɗan sanda ya hango ta a bayan mata ya yi mata hannu, ta taho kamar wadda za a yanke wa hukunci. Akawu ya kama babban yatsanta ya dangwala, na miƙa mata ambulan da hannu biyu. Direbanmu ne kaɗai ya tafa. Na lura da wani ƙaton mutum mai furfura a gemu, wanda daga baya na san shi ne Sarkin Noma Dogo, mai tsara gayya, ya gyara garmarsa ya juya, sauran maza suka bi shi.

Bayan mako uku, ranar wata Litinin, ina cike rahoto sai masinja ya ce wata tsohuwa tana nemana. Na fito na tarar da Iya Asabe zaune a ƙasa a bakin baranda, ƙafafunta duk sun yi futu-futu. Ta tako daga ƙauye zuwa Agwada, ta hau motar doya zuwa Keffi, kuma kaza ta sayar ta biya kuɗin mota. Ta kwance bakin zane ta fito da ambulan ɗin nan. Ko buɗe shi ba ta yi ba.

Ta ce an buɗe aikin shekara, an yi gayyar Allah a gonar wata gwauruwa, ba a zo tata ba. Ta je wajen Sarkin Noma, ya ce mata, "Asabe, kin ji da kunnenki. Gwamnati ce uwarki yanzu. Mu da muka yi shekara tara muna yi miki huɗa da yunwa a cikinmu, ko kwabo ba a ba mu ba, kuma gonakinmu ma sun ƙone. Ki ɗauki 'yan ƙwadago." Mutanen gari sun ɗauka ma duk wata za a riƙa kawo mata, kamar fansho.

Na ce, "To Iya, me zai hana ki ɗauki 'yan ƙwadagon? Ai ga kuɗi."

Ta dube ni yadda ake duban yaron da ya yi tambayar wauta. Ta ce samari masu ƙwadago duk sun tafi aikin hanya da gine-gine, 'yan ƙwadagon da suka rage sun san darajarsu, kuɗin nan ba zai tayar da rabin gonarta ba. Ta ce, "Kuma ko ya tayar da duka, baɗi fa? Za ka kawo baɗi?" Ni kuwa na san takardar ta ce sau ɗaya ne. Ta ce, "In na taɓa kwabo ɗaya na ci na gwamnati, na fita har abada. Shi ya sa ban buɗe ba. Abu ɗaya nake roƙo. Ka zo da abin maganar nan naka, a gindin ɗorawar nan, gaban mutanen nan, ka kira sunana kamar yadda ka kira, ka karɓi abinka, ka ce kuskure aka yi. Amma ka yi sauri, ƙasa ta fara shan iska."

Sai a lokacin na gane abin da na aikata. Na shiga wajen Mista Bulus da ambulan a hannu na zayyana masa komai. Ya cire tabarau ya goge.

Ya ce, "Malam Sule, an rufe bauca. Ta dangwala, ɗan sanda ya sa hannu, kwafi ya tafi hedikwata. A wane shafi za ka shigar da kuɗin da aka dawo da su? Akwai fom ɗin biya, babu fom ɗin mayarwa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba sai an shigar ba. In je in karɓa a gabansu kawai."

"Ka karɓi kuɗin tallafi daga hannun tsohuwa a gaban gari guda? Gobe wani ya rubuto takarda ya ce ma'aikaci ya dawo ya ƙwace rabonsa. Wa zai yarda da kai? Kuma in aka bincika aka ga kai ka soke suna ka ƙara suna ba da yardar mai'unguwa ba, ni da kai duka mun tafi. Ba a tabbatar da kai ba, ka tuna. Rubuta wa hedikwata ka nemi izini, zan sa hannu yau."

Ba ƙarya ya faɗa ba, kuma ina so ku ji wannan da kyau, don kada ku ɗora masa laifin. Zaɓi yana hannuna. Babur yana waje, tafiyar rabin yini ce. Amma na tuna mahaifiyata a Yara da ta fara cin albashina, na tuna auren da aka sa mini rana, na ji tsoro. Na fito na mayar wa Iya Asabe ambulan ɗinta, na ce ta koma, zan zo cikin mako da izini. Na ba ta kuɗin mota daga aljihuna, ta ƙi karɓa sai da na rantse ba na gwamnati ba ne. Da za ta tafi ta ɗebi ƙasar bakin baranda ta murza a tafin hannu, ta duba.

Na rubuta takardar a ranar. Mako ya wuce, babu amsa. Na rubuta ta tuni. Kullum da safe sai in tare masinja in duba jakar wasiƙu, kullum in gaya wa kaina gobe. Ruwa ya ɗauke gaba ɗaya, ciyawar bayan ofis ta fara ja, ina kallonta ta taga ina kawar da kai. Sai da wata guda ya cika cif sannan na kasa jurewa. Ranar wata Asabar na ari lasifika ba da sanin kowa ba, na ɗaure a bayan babur na kama hanya. Amsar hedikwata, in gaya muku, har na yi ritaya ba ta zo ba.

Mai'unguwa ya karɓe ni ba yabo ba fallasa, ya aika aka tara waɗanda ke nan. Ba su kai rabin na ranar biya ba, yawanci tsofaffi da mata. Na tsaya inda na tsaya da farko, na ce ni na yi kuskure, gwamnati ba ta ɗauki nauyin kowa ba, sau ɗaya ne ba za a sake ba, kuma na roƙi mai'unguwa gafara a gabansu. Na kira sunan Iya Asabe. Wannan karon kira ɗaya ta fito, har da ɗan saurinta, ta miƙo ambulan da hannu biyu, fuskarta a sake. Ban taɓa ganin murnar da ta ƙona mini rai irin wannan ba.

Sarkin Noma Dogo ya ɗauki garmarsa ya ce in biyo shi. Muka tafi, jama'a na biye, har gonar Baba Tanko, wadda ke kwance cikin busasshiyar ciyawa, gonakin da ke kewaye da ita kuwa duk kunya jere reras. Ya ɗaga garma da duk ƙarfinsa ya sara. Ta yi ƙara ta dawo, ko tsawon ɗan yatsa ba ta shiga ba.

Ya ce, "Malam, ka ji? Ba ni na ƙi ba yanzu. Da ka zo ranar da ta dawo daga wajenka, da mun yi mata, don mu ma abin yana damunmu. Kwana goma muna sauraron ƙarar babur. Yanzu ƙasa ta rufe, yaran da ke sara kuma sun gama nasu sun tafi aikin hanya." Ya juya wajenta ya ce, "Asabe, riƙe kuɗinki ki ci. In irinki ya kai ruwan fari, za mu gwada."

Na mayar mata da ambulan, ta tsaya da shi a hannu tana duban inda garma ta sara. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta sa yatsa ta yage bakin ambulan ɗin a nan tsakiyar gona, ta juya gida.

Sauran labarin a bakin mai'unguwa na ji shi, don na riƙa komawa. Kuɗin sun sayi dawa ta wata uku, a shekarar da farashin komai ke hawa kullum. 'Yar doyar da suka samu a shekarar ta ƙare da wuri. Irin da ya kamata ya kasance a binne cikin ƙasa, inda hannu ba ya kai masa, yana jingine a ɗaki gaban yara biyu masu jin yunwa. Wani ya ruɓe da zafi, sauran aka riƙa yanka ɗaya-ɗaya. Na kai musu dawa sau biyu daga albashina, amma me kwano biyar zai yi? Kafin ruwan fari babu iri ko ɗaya. Baba Tanko ya rasu a bazarar nan. Ba zan ce yunwa ce ta kashe shi ba, tsoho ne, Allah ne masani. A al'adarsu gonar da maigida ya mutu ya bari ba a nome ba tana komawa ga danginsa maza, sai wani ɗan wansa ya karɓa. Dangin uwar yaran suka kwashe jikokin. Da na koma da damina na tarar da ɗakin na biyu ma ya zube, an ce Iya Asabe ta tafi Keffi.

Kada ku ce kuɗin ne mugun abu. Gidaje ukun da mai'unguwa ya zaɓa duk sun amfana. Ɗaya ya ƙaro iri ya faɗaɗa gona, ɗaya ya sayi awaki biyu, na ukun ya kai matarsa asibiti ta tashi. Suna da hannayen da za su juya kuɗin, kuma ba su rasa komai ba don an kira sunansu. Tsohon nan da na yi wa kallon ɓarawo ya san abin da yake yi sarai: ya ba gwamnati waɗanda kuɗi zai tayar, ya riƙe wa gari waɗanda sai gari. A rahoton ƙarshen shekara, a layin Rafin Ƙirya, da hannuna na rubuta an biya gida huɗu, babu ƙorafi. Aka tabbatar da ni a aiki, har da takardar yabo wai na nuna himma wajen gano mabuƙata na gaskiya. Tana nan a akwatina, ban taɓa nuna wa 'ya'yana ba.

Bayan kamar shekara biyu na kai babur ɗina gyara a Sabon Gari. Ina jira sai na zagaya bayan rumfar wata mai tuwo in wanke hannu. Wata tsohuwa tana tsugune gaban bahon kwanuka tana wanke-wanke, ta rame har sai da na sake dubawa. Ita ta fara gane ni.

Ta ce, "Ɗana mai abin magana. Kana lafiya? An yi auren?"

Na tsuguna na gaishe ta, na ce an yi, har an samu ƙaruwa. Ta yi mini barka da zuciya ɗaya. Na tambayi jikoki, ta ce ta ji suna nan, ba ta da kuɗin motar zuwa. Ranar an yi albashi, sai na sa hannu a aljihu na zaro abin da ya samu na miƙa mata.

Ta yi sauri ta waiga wajen rumfa, ta kama hannuna da jiƙaƙƙen hannunta ta tura shi cikin aljihun. Ta rage murya ta ce, "Mayar, ɗana, mayar kafin ta gani. Matar nan tana ba ni tuwo safe da yamma, tana bari in kwana a rumfa, don ta san ba ni da kowa. In ta ga ma'aikaci yana ba ni kuɗi, ina zan je kuma?"

Na mayar. Na tashi na bar ta tana wanke kwanukan, kuma ban ƙara ganinta ba. Da na koma bayan 'yan watanni da niyyar in bi ta hannun mai tuwon a asirce, an ce rumfar ta tashi.

To ga abin da aikin nan ya koya mini, ku ɗauka ko ku bari. Talakan ƙauye da kuka gani yana numfashi, akwai abin da ke riƙe da shi, ko da idonku bai gani ba, kuma sau da yawa abin siriri ne ƙwarai. Mu muna zuwa sau ɗaya mu tafi, maƙwabta su ne kullum. Ban ce kada ku bayar ba, ku bayar, mutane suna cikin wahala. Amma kafin ku rubuta suna, ku zauna ku cire takalmi ku tambaya wa ke riƙe da gidan nan yau, kuma me zai faru ranar da ya ji an ba su. In dattijo ya fara magana ku bar shi ya kai aya. In mabuƙaci ya ce kada a kira sunansa, ba kunya ba ce, ya san garinsu ne. Ina jin kuna cewa yanzu ba a kiran suna, saƙo ne ke shiga waya shiru. Haka ne, amma na ga jerin sunayenku manne a bangon makarantar firamare, kowa na karantawa, kuma har yau ban ga wanda ya buga fom ɗin mayarwa ba.

Mutum biyu suka gaya mini gaskiya a Rafin Ƙirya, mai'unguwa da Iya Asabe, kowannensu a kan lokaci, da Hausar da nake ji. Ni ne mai ilimi a cikinsu, ni ne mai tausayi, kuma ni na raba Iya Asabe da gonarta da naira ashirin.